Malamin da ya sa wa sandar kan hanya ido: labarin Achille Mbembe

 Yau shirin namu ba na farashin shanu ba ne, ba kuma na canjin sefa da naira ba. Labarin wani malamin jami'a za mu yi, ɗan ƙasar Kamaru, sunansa Achille Mbembe, ana furta shi Ashil Mbembe. Fanninsa tarihi da kimiyyar siyasa da falsafa. Na san wani zai ce, mu da ke fama da kwastan da duwan da jandarma, me ya haɗa mu da mai rubuta littattafai da Faransanci yana zaune a Afirka ta Kudu? Abin da ya haɗa ku shi ne sandar nan da ake gittawa a hanya. Ku kuna tsayawa a gabanta ku biya ku wuce. Shi kuma ya yi wajen shekara 30 yana tambayar wa ya ba mai sandar wannan iko, daga ina ikon ya samo asali, kuma me ya sa ya ƙi ƙarewa.

An haife shi a 1957 a yankin Otele, can kudancin Kamaru, ƙasar Basa, inda daji ke da duhu kuma jirgin ƙasan Duwala zuwa Yawunde ke ratsawa. Kirista ne, a makarantar fada-fada ya yi karatu. Tun yana ɗalibi ya shiga wata ƙungiyar ɗaliban Katolika, kuma ita ce ta fara kai shi arewacin ƙasarsu, wajejen Marwa, inda suke zuwa lokacin hutu suna koya wa manoma yaƙi da jahilci. Saboda haka ba a takarda kaɗai ya san ɓangarenmu ba, ya taka ƙasar.

Amma abin da ya mai da shi mai bincike wata gawa ce. Shekara guda bayan haihuwarsa, ranar 13 ga Satumba 1958, sojan Faransa suka harbe Ruben Um Nyobe a dajin ƙasar Basa. Um Nyobe shi ne jagoran jam'iyyar UPC mai neman 'yancin Kamaru da sake haɗe ɓangarorinta, har gaban Majalisar Ɗinkin Duniya ya je ya kai ƙara. Da aka kashe shi sai aka ja gawarsa a ƙasa don mutane su gani, aka binne shi aka zuba siminti. Kamaru ta sami 'yanci a 1960, amma gwamnatin Ahmadu Ahijo ba ta ɗaga haramcin ba: ambaton sunan mutumin ma laifi ne. Yaro ya tashi a ƙasar da kowa ya san abin da ya faru, kowa na da wanda ya rasa, amma ba mai iya faɗa a fili. Da Mbembe ya shiga jami'ar Yawunde sai ya ɗauki wannan tarihin ya ce a kansa zai yi bincike. Hukuma ba ta so ba. A 1982 ya tafi Paris, a can ya tattara rubuce-rubucen Um Nyobe ya buga su a 1984, abin da ya sa ya daɗe bai taka gida ba. Sai a 1991 Kamaru ta yi dokar da ta wanke sunan Um Nyobe.

A Paris ya yi karatun kimiyyar siyasa, ya kuma sami digirin digirgir na tarihi a jami'ar Sorbonne a 1989. Daga nan sai Amurka: jami'ar Columbia a New York, wata cibiyar bincike a Washington, sannan jami'ar Pennsylvania. A 1996 ya dawo Afirka ya shugabanci CODESRIA a Dakar, wato majalisar da ke haɗa masu binciken zamantakewa na nahiyar nan, har zuwa 2000. Tun farkon shekarun 2000 yana jami'ar Wits a Johannesburg. Wannan ke nan a taƙaice, kuma ba shi ne abin da ya fi damunmu ba.

Littafin da ya fitar da sunansa duniya ya fito a 2000, sunansa da Faransanci De la postcolonie, wato halin da ƙasa ke ciki bayan tafiyar 'yan mulkin mallaka. Kalma ɗaya ce ginshiƙinsa, kuma tsofaffinku na ɓangaren Faransa sun san ta tun kafin a haife shi: kumanda. Ku tambayi dattijon da ya ga zamanin kumandan. Mutum guda ne, shi ne mai doka, shi ne alƙali, shi ne mai karɓar haraji da jangali, shi ne mai kama mutane aikin dole. Dokar da ake mulkin talaka da ita a lokacin ta ba shi damar ɗaure ka har kwana 15 ba tare da ka ga kotu ba, don kawai ba ka cire hula ba ko ka yi jinkirin biya. A 1946 aka soke wannan doka tare da aikin dole. Abin da Mbembe ya ce shi ne, an soke dokar amma ba a soke halin ba. Bature ya tafi ya bar kujerarsa, ɗan ƙasa ya hau, ya gaji fahimtar cewa mulki shi ne ikon tsayar da mutum, a sa shi jira, a karɓi wani abu a hannunsa, ba tare da mai mulkin ya ji cewa shi ma akwai haƙƙin da ake bin sa ba. Duk wanda ya taɓa kwana a shinge da tirelar shanu, dabbobi na galabaita, takardunsa cikakku, ana ce masa oga bai zo ba, to ya karanta wannan babin ko da bai iya boko ba.

Inda ya saɓa wa sauran malamai shi ne, bai yarda a raba duniya gida biyu ba, azzalumai a nan, waɗanda aka zalunta a can. Ya ce mai mulki da talaka zaman gida ɗaya suke yi. Talaka na tafa wa shugaba da rana, da dare ya yi masa ba'a. Ya zagi mai karɓar na goro, gobe ɗansa ya sami kaki ya yi walima. Ya kawo misali daga ƙasarsu, inda mutane suka juya harufan jam'iyya mai mulki, RDPC, suka mai da su wata kalmar Faransanci mai nufin a sake feɗe nama a raba. Dariya ce, amma dariyar ba ta kayar da kowa ba. Wannan magana ta ɓata wa wasu rai, suka ce yana ɗora wa wanda aka cuta laifi. Ni dai a ganina gaskiya ya faɗa, ko da ba daɗi. Direban da ke naɗe kuɗi a cikin takardar mota tun kafin a tambaye shi, da dillalin da ya san wane jami'i ake gani da daddare, ba a wajen tsarin suke ba.

Akwai wani babi a littafin da ya fi kowane kusa da ku. Ku tuna shekarun 1990. Bashi ya ci gwamnatoci, masu ba da rance suka ce a tsuke bakin aljihu. A 1993 Kamaru ta rage albashin ma'aikata har sau biyu. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗin Faransa guda da yake sefa 50 ya koma 100. Ma'aikata a ƙasashe da dama suka yi watanni ba albashi. To gwamnatin da ba ta iya biyan mai kaki, me take ba shi? Sai ta bar masa hanya. Kaki da bindiga da sanda su zama gonarsa. Mbembe ya kira wannan mulkin sako-sako da ya koma hannun ɗaiɗaikun mutane: ikon karɓar haraji, wanda a ƙa'ida na baitulmali ne, ya warwatse a hannun duk wanda ke iya tsare hanya. Kuma ya lura cewa idan aka kai nan, tazarar da ke tsakanin haraji da fashi takan ragu. A daidai waɗannan shekarun ne masu tare hanya, waɗanda ake ce wa zargina, suka addabi arewacin Kamaru da kudancin Cadi, daga baya suka koma satar 'ya'yan makiyaya don a sayar da shanu a fanshe su. Wata malama 'yar Amurka da suka yi rubutu tare, Janet Roitman, ta bi wannan zance a kasuwannin yankin tafkin Cadi, ta fitar da littafi a kansa a 2005. Mutanen Mubi da Banki da Amcide da Kusiri ba sa bukatar a ba su labari.

Yanzu ga zancen iyaka kanta. Akwai maganar da kowa ya haddace, cewa Turawa sun zauna a Balin a 1884 zuwa 1885 da taswira da abin ja layi, suka yanka Afirka kamar tsire. A wata maƙala da ya buga a 2000, Mbembe ya ce wannan bayani ya yi sauƙi da yawa. Taron Balin ƙa'idojin rabo ya shimfiɗa, layukan kuwa daga baya aka yi ta ja ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane da tarihinsa: wani ya bi kogi, wani ya bi yaƙin da aka yi kafin zuwan Bature, wani ciniki ne tsakanin Turawa biyu. Ku duba namu ku gani. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barwa a tafkin Cadi. A 1898 suka gyara, aka zagaye Sakkwato da da'ira mai nisan mil 100. Sai Faransawa suka ga an bar su ba hanya mai rijiyoyi daga kogi zuwa Damagaram, ayarinsu na shan ƙishirwa. Aka sake zama a 1904 da 1906, aka turo layin kudu. Wato ruwan sha na sojan Faransa yana cikin abin da ya sa yau wasu garuruwan ke kashe sefa maimakon naira. Sannan Maraɗi da Katsina, ai tun jihadi ba sa ga maciji, Bature ya tarar da wannan ya yi amfani da shi. A gabas kuma, Yola ta faɗa hannun Ingila, akasarin ƙasar da ke bin Lamiɗo ta faɗa hannun Jamus, kuma sai a ƙuri'ar 1961 Mubi da maƙwabtanta suka tabbata a Najeriya. A 1964 shugabannin Afirka suka taru a Alƙahira suka amince a bar iyakoki yadda aka gaje su. Wannan sa hannun namu ne, ba na Bature ba.

To kafin layin, me ke nan? A nan ne maganarsa ta fi yi mini daɗi, don kamar da bakin kakanninku yake yi. Ya ce a Afirka ta dā, abin da ya fi daraja ba layin da ke rufe ƙasa ba ne, hanya ce da mararraba. Sarki ba ya ƙirga girmansa da faɗin daji, da yawan mutane yake ƙirgawa, saboda haka baƙo riba ne, ana neman yadda za a mai da shi ɗan gari. Ikon sarki yana da ƙarfi a birni, yana raguwa a hankali har ya haɗu da na wani, kuma wuri guda na iya bin iyayen gida biyu. Ku tuna fataken goro da ke tashi daga Kano su bi ta Borgu har Salaga a ƙasar Gwanja, tafiyar watanni, da madugu da jagaba da jakuna. Ku tuna ayarin gishiri daga Bilma. Ku tuna yadda zango ya zama unguwa a Kumasi da Yawunde. Ba wanda ya tambaye su biza. Amma fa kada mu yi wa zamanin kwalliya: sun biya kuɗin fito a kogi, sun ba sarakunan hanya gaisuwa, an yi musu fashi, kuma cikin kayan da ake kora a waɗannan hanyoyi har da bayi. Bambancin shi ne, kuɗin da aka karɓa na buɗe hanya ne. Sarkin da ya matsa wa fatake, sai ayari ya sauya hanya, kasuwarsa ta mutu.

A 2003 ya fitar da maƙalar da ta fi kowace yawo a jami'o'in duniya. Ya ƙirƙiro wata kalma da za mu iya fassarawa da siyasar mutuwa. Ma'anarta, ƙololuwar iko shi ne a yanke wanda zai rayu da wanda za a bari ya mutu, kuma ba lallai sai an harbe mutum ba. Ya isa a ajiye shi inda rayuwa ba ta yiwuwa, a rufe masa ƙofa, a juya baya. Misalansa gonakin bayi ne, da ƙasashen mallaka, da Falasɗinu. Ni kuma ga nawa misalin daga gida. A Oktoban 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara daga wajejen Kance. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. A 2015 Nijar ta yi dokar hana safarar baƙin haure, Turai na matsa mata lamba, aka kama direbobi a Agadas aka ƙwace motoci. Tafiya ba ta tsaya ba, sai dai direbobi suka riƙa kauce wa rijiyoyin da sojoji ke tsaro suna bin inda ba ruwa. A Nuwamban 2023 sojojin da ke mulki suka soke dokar. Wannan shi ne abin da Mbembe ke nufi idan ya ce iyaka ta daina zama layi a wuri guda: iyakar Turai ta taso ta zo Agadas, tana kuma cikin na'urar da ke ɗaukar zanen yatsanka. Wani fasfo na buɗe kowace ƙofa, wani kuwa mai shi ne ake tuhuma tun kafin ya yi magana.

Daga nan ya kai ga shawarar da ya fi nacewa a kai. A wata jaridar Afirka ta Kudu a 2017, da kuma laccar da ya gabatar a jami'ar Yale ta Amurka a 2018, ya ce tunda duniya na rufe wa ɗan Afirka ƙofa, to Afirka ta buɗe wa kanta. Kada ɗan Afirka ya zama baƙo a Afirka. Ya ce 'yanci bai cika ba muddin nahiyar na nan a yanke gunduwa-gunduwa, kowace ƙasa na korar maƙwabta. Bai faɗi wannan daga nesa ba, don a ƙasar da yake zaune an far wa baƙi 'yan Afirka a 2008 da 2015 da 2019, an kashe wasu, an ƙona shaguna, kuma ya fito ya yi magana. Mu ma nan muna da namu tabon. Gana ta kori baƙi a 1969, Hausawan zango da yawa suka kwaso kaya. Najeriya ta rama a 1983. Da aka rufe iyaka a 1984 ana tsakiyar fari, mutanen Nijar har suna suka sa wa yunwar shekarar, El-Buhari. An sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, har aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Yamai aka kuma rufewa, sai Maris 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Ku da ke Illela da Ƙonni, Jibiya da Ɗan Isa, Maigatari da Mai'aduwa, ku kuka san abin da kowace rufewa ta ci: albasa da ta ruɓe a mota, bashi da ya hau kan mutum, da kuɗin bi ta daji da ya ninka. Babban ɗan kasuwa mai waya a hannu kuwa kayansa ba su kwana ba.

Har zuwa nan ina tare da shi. Amma akwai wuri biyu da nake ganin ku kun fi shi sani.

Na farko na makiyaya ne. Abin da ke hana garke tafiya yau, sau da yawa ba iyakar ƙasa ba ce. Burtali ne da aka nome, mashaya ce da aka kewaye da lambu, fadama ce da wani mai kuɗi ya saye ya sa waya. Za ka iya share duk layukan da ke taswira, saniya ta rasa inda za ta sa ƙafa. Kuma makiyayi bai taɓa tafiya ba ƙa'ida ba. Akwai ardo, akwai mai zuwa gaba ya dubo ciyawa da ruwa, akwai sallama ga mai gari, akwai lokacin da ake sakin gona bayan an kwashe amfani, manomi ya sami taki kai ka sami kara. Wato abin da ake bukata ba rashin doka ba ne, doka ce da ta san tafiya halal ce. Irin wannan dokar ma akwai ta a rubuce. A 1998 ƙungiyar ECOWAS, wadda ɓangaren Faransanci ke ce wa CEDEAO, ta amince da tafiyar dabbobi tsakanin ƙasashe da takardar shaida guda, mai nuna yawan garke, allurar rigakafi, da hanyar da za a bi. Ta ce a tsallaka da rana, a sami aƙalla makiyayi guda ga kowane shanu 50, kuma ya kai shekara 18. A 2010 Nijar ta yi dokar kiwo da ta ce tafiya haƙƙi ne na makiyayi. Amma jihar Binuwai ta hana kiwon sake a 2017, Benin ta hana shigowar garken waje a ƙarshen 2019, kuma Kamaru da Cadi ba sa cikin ECOWAS tun asali. Nijar da Mali da Burkina Faso kuma sun fice a Janairun 2025. Takarda na nan, hanya ce babu.

Na biyu na 'yan kasuwa ne, kuma a nan sai mu faɗa wa juna gaskiya. Da yawa cikinmu iyakar ce abincinmu. Ribar mai ɗaukar kaya a babur daga wannan ƙetare zuwa wancan, daga ina take fitowa in ba daga bambancin farashi da bambancin kuɗi ba? Shekara da shekaru man Najeriya mai rahusa ne ya riƙe dubban gidaje daga Maraɗi har Garwa, kuma da aka cire tallafi a 2023 kowa ya ji a jikinsa. Shinkafar da a da ta riƙa sauka a Kwatano tana zagayowa ta Nijar, ba don hanyar ta fi kusa ba ne, don an hana ta shiga ta gaba ne. Ranar da aka ɗauke iyaka ɗungurungum, ɗan canji da ɗan fito da mai masaukin direbobi za su nemi wata sana'a, kuma mai manyan tireloli ne zai fara cin moriya. A yi wa Mbembe adalci, shi ma ya hango wannan tun a maƙalarsa ta 2000, inda ya ƙi yarda da masu cewa fasa-ƙwauri haɗin kan Afirka ne daga ƙasa. Sai dai a laccocinsa na baya-bayan nan, kyan mafarkin yakan rufe wannan lissafi. Ga kuma tambayar da mutumin Zamfara ko na Diffa zai yi: in an buɗe wa kowa, bindiga fa? Amsar da zan bayar ita ce, ɗan bindiga bai taɓa bin layi a shinge ba, mai tumaki biyu da mai buhun wake su ne ke tsayawa. Amma wanda aka kore wa shanu cikin dare aka tsallaka da su wata ƙasa yana da haƙƙin a ba shi amsar da ta fi wannan, kuma ba a littafin falsafa za a same ta ba, sai jami'an ƙasashen biyu sun yarda su bi sawu tare.

Akwai kuma abin da ya jawo masa suka mai zafi, bai kamata in ɓoye muku ba. A 2021 shugaban Faransa Emmanuel Macron ya roƙe shi ya shirya taron Afirka da Faransa da aka yi a birnin Montpellier a watan Oktoba, taron da ba a gayyaci shugaban Afirka ko ɗaya ba, sai matasa da 'yan ƙungiyoyi. Ya karɓa, ya zagaya ƙasashe yana jin ra'ayi, ya rubuta rahoto, kuma daga cikin shawarwarinsa aka kafa wata gidauniyar tallafa wa dimokuraɗiyya da yake jagoranta. Mutane da yawa suka ce, yaya wanda ya fara da tono gawar da Faransa ta binne a siminti zai koma yi wa Faransa aiki? Shi kuma ya kare kansa da cewa in ana son sauya dangantaka sai an zauna an faɗa wa mutum a gabansa. Matasan sun faɗa wa Macron maganganu masu ɗaci a bainar jama'a, wannan gaskiya ne. Amma cikin shekara uku da taron, sojan Faransa sun fice daga Mali da Burkina Faso da Nijar, ba kuma ta hanyar da rahoton ya tsara ba. Ni ina ganin a nan ya yi wa Faransa kyakkyawan zaton da ba ta cancanta ba. Wannan bai rage gaskiyar abin da ya rubuta a kan kumanda da shinge ba.

A 2024 ƙasar Nowe ta ba shi lambar Holberg, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan duniya a fannin ilimin ɗan Adam da zamantakewa. Shawararsa kuwa tana nan a teburin shugabanni. A Janairun 2018 Tarayyar Afirka ta amince da yarjejeniyar 'yancin zirga-zirgar mutane a duk faɗin nahiyar, wadda ke bukatar ƙasashe 15 su tabbatar da ita kafin ta fara aiki. A watan Maris na shekarar aka sa hannu a Kigali kan ta cinikin kaya ba shinge, kuma wannan ta sami ƙasashen da take bukata cikin shekara guda da 'yan watanni. Ta mutane kuwa, shekaru bayan haka ƙasashe 4 kacal suka tabbatar: Ruwanda, Mali, Sao Tome, da Nijar. Najeriya da Kamaru da Cadi ba sa ciki.

Masu tafiya, Allah ya kai ku lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.